Eldred Jones: Malamin Saliyo da Ya Bi Sawun Baƙar Fata a Wasannin Zamanin Shakespeare

Yawancin wasiƙun da suka iso filinmu a wannan wata sun karkata ne ga wasan Othello na Shakespeare, da kuma malamin da ya fara zama ya tantance yadda marubuta wasan kwaikwayo na Ingila suka siffanta mutanen Afirka a zamanin farfaɗowar ilimi a Turai. Mun taƙaita tambayoyin, mun haɗe masu kama da juna.

Tambaya: Ina koyar da adabin Ingilishi. Sau da yawa ina cin karo da sunan Eldred Jones a littattafan sharhin Othello. Bature ne? Daga wani malamin sakandare a Funtuwa.

Amsa: Malam, ɗan Afirka ta Yamma ne. An haifi Eldred Durosimi Jones a Firitawun, babban birnin Saliyo, ran 6 ga Janairu 1925, cikin al'ummar Kiriyo, wato zuriyar bayin da aka 'yanta aka zaunar a can. Ya yi digirinsa na farko a Kwalejin Fourah Bay, wadda aka kafa a 1827, ta kuma riƙa ba da digirin Jami'ar Durham ta Ingila daga 1876 zuwa 1967. A wannan kwaleji ne, tun kafin a haifi Jones da daɗewa, Sigismund Koelle ya tattara kalmomin harsuna sama da 100 daga bakin 'yantattun bayi, har da Hausar Kano da ta Katsina, ya buga a 1854. Daga nan Jones ya wuce Oksfod, sannan ya sami digirin digirgir daga Durham a 1962.

Binciken wannan digiri ne ya zama littafinsa Othello's Countrymen, ma'ana 'yan ƙasar su Othello, wanda maɗaba'ar Jami'ar Oksfod ta fitar a 1965. A 1971 ya biyo da wani ƙarami, The Elizabethan Image of Africa, kan yadda Ingilawan zamanin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya suke hasashen Afirka.

Bai tsaya ga adabin Turawa ba. A 1968 ya kafa mujallar African Literature Today, ya riƙe ta fiye da shekara 30 kafin ta koma hannun Ernest Emenyonu na Najeriya. Ya rubuta littafi kan ayyukan Wole Soyinka a 1973, shi da Clifford Fyle kuma suka fitar da ƙamusun Kiriyo da Ingilishi a 1980. Ya shugabanci Fourah Bay daga 1974 zuwa 1985. Ganinsa ya tafi tun yana tsakiyar aiki, matarsa Marjorie ta zame masa ido da alƙalami, tana karanta masa rubuce-rubucen da aka aiko wa mujallar, suna gyara tare. Ya rasu ran 21 ga Maris 2020 yana da shekara 95.

Tambaya: Wani ya ce mini Shakespeare bai taɓa ganin baƙar fata da idonsa ba, a littafi kawai ya karanta. Me Jones ya ce? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: 'Yata, wannan magana ce Jones ya zo ya rushe, kuma da takardu ya rushe ta. Ya raba hujjojinsa gida biyu: abin da Ingilawa suka karanta, da abin da suka gani.

A ɓangaren karatu, tsofaffin littattafai irin na Pliny, Barumen nan da aka fassara aikinsa zuwa Ingilishi a 1601, da labarin tafiye-tafiyen da ake jingina wa Mandeville, sun cika kan mutane da almara: masu cin naman mutane, da mutanen da ba su da kai, idanunsu na a ƙirji. Sai ga rahotannin matuƙa jirgin ruwa, waɗanda Richard Hakluyt ya tattara a 1589, ya faɗaɗa tsakanin 1598 da 1600. Abin da Jones ya lura da shi shi ne sabon ilimin bai kori tsohuwar almarar ba, zama suka yi tare, sau da yawa a littafi ɗaya. Shi ya sa a kashi na 1, fitowa ta 3, inda Othello yake ba majalisar Benis labarin yadda matarsa Desdemona ta so shi, za ki ji ya ambaci yaƙi da kamu da sayarwa cikin bauta, abubuwan da suke faruwa da gaske, a numfashi guda kuma ya ambaci masu kai a ƙarƙashin kafaɗa.

A ɓangaren gani da ido, ga jerin da ya kamata ki riƙe. A 1555 jiragen John Lok suka komo da mutum 5 daga Shama, a gaɓar ƙasar Gana ta yau. Sun koyi Ingilishi, aka mayar da wasunsu a matsayin tafinta. A 1562 John Hawkins ya kwashi kimanin mutum 300 daga gaɓar Saliyo, ƙasar Jones ke nan, ya sayar a tsibirin Hispaniola. A 1596 majalisar sarauniya ta fitar da wasiƙu biyu cikin watan Yuli tana cewa baƙaƙe sun yi yawa a ƙasar, aka kuma tsara wata sanarwa makamanciyarsu wajen 1601. A watan Agusta na 1600 jakadan Sarkin Maroko Ahmad al-Mansur, mai suna Abdulwahid bin Mas'ud, ya iso Landan da tawagarsa, suka yi kusan wata 6. Zanen hotonsa da rawani da takobi yana nan har yau. Othello kuwa an nuna shi a fada ran 1 ga Nuwamba 1604.

Akwai wurin da ɗalibai suke yawan zamewa. Sai su rubuta cewa Sarauniya Elizabeth ta kori dukkan baƙar fata daga Ingila. Ba haka aka yi ba. Wasiƙar farko ta 1596 kan mutum 10 take magana. Ta biyu izini ce ga wani ɗan kasuwa daga Lubek, Caspar van Senden, wanda ya fanso Ingilawa 89 daga hannun Sifaniyawa da Fotugisawa, yana neman a ba shi baƙaƙe adadin haka ya mayar da kuɗinsa. An gindaya sharaɗin yardar iyayengijinsu, su kuwa suka ƙi. Miranda Kaufmann ta bi takardun ta nuna shirin bai kai ko'ina ba. Abin da takardun suka tabbatar shi ne baƙaƙe suna nan a Landan, kuma hukuma tana kallonsu a matsayin abin da za a iya musaya da shi.

Waɗanda suka biyo baya sun ƙara wa hujjar Jones nauyi. Imtiaz Habib, a 2008, ya jera bayanai 448 daga rajistocin coci da takardun hukuma tsakanin 1500 da 1677. Akwai John Blanke, mai busa ƙaho a fadar Sarki Henry na Takwas, wanda aka zana shi a 1511. Akwai Reasonable Blackman, masaƙin siliki a unguwar Southwark, unguwar da daga baya aka gina Globe, gidan wasan su Shakespeare, a cikinta.

Tambaya: Na ji a wata lacca cewa an ambaci Kano a Landan tun zamanin Shakespeare. Da gaske ne? Daga wani mai sayar da littattafai a Kano.

Amsa: Da gaske ne, Alhaji. Hanyar ita ce littafin Alhasan bin Muhammad al-Wazzan, wanda Turawa suka sani da Leo Africanus. An haife shi a Garnaɗa ta Andalus, ya tashi a Fas. 'Yan fashin teku suka kama shi a 1518, aka kai wa Paparoma Leo na Goma, aka yi masa baftisma a Roma a 1520. Ya kammala bayaninsa kan Afirka a 1526, aka buga da Italiyanci a Benis a 1550, John Pory kuma ya fassara zuwa Ingilishi a 1600.

A ciki akwai babi-babi kan Agadas, Gobir, Kano, Katsina, Zazzau, Zamfara da Barno, da rubutun da sai ka yi hankali za ka gane: Cano, Casena, Zegzeg, Zanfara, Guber. Ya yabi Kano da hatsi da shinkafa da auduga da attajirai. Ya ce dukawan Gobir suna ɗinka takalma ana kaiwa Tumbutu da Gawo. Katsina da Zamfara kuwa ya yi musu mummunar siffa, har da muni na fuska. Ya kuma ce Askiya na Songhai ya ci waɗannan ƙasashe, abin da masana irin su Humphrey Fisher suka yi jayayya da shi, don Tarihin Kano bai ambaci wannan yaƙi ba. Wasu ma suna ganin labarin Hausa a bakin fatake ya ji shi.

Muhimmancin wannan ga Jones shi ne, bayan 1600 Ba'ingile mai karatu yana iya sanin cewa kudu da Sahara akwai birane da sarakuna da kasuwanni da malamai. Kuma gabatarwar Pory ta siffanta Leo kansa: Musulmi daga Arewacin Afirka, matafiyi, wanda aka kama, ya shiga Kiristanci, ya zauna cikin Italiyawa yana ba su labarin nahiyarsa. Duk wanda ya san Othello zai ga kamannin. Amma a yi hattara: babu takardar da ta ce Shakespeare ya riƙe littafin a hannunsa. Ben Jonson, wani marubucin wasa na zamanin, shi aka tabbatar, don ya ambaci Leo da suna a bayanin wani wasansa.

Tambaya: Othello baƙi ne wuluk ko Balaraben Maroko ne? Muna ta gardama a ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo. Daga wani matashi a Maraɗi.

Amsa: Gardamar ta girmi kakanninka, kuma tushenta kalma ɗaya ce, Moor. A Ingilishin lokacin tana iya nufin mutumin Magrib, ko Musulmi ko daga ina yake, ko baƙar fata daga kudu da Sahara, wani lokaci har mutumin Indiya. Saboda haka kalmar ita kaɗai ba ta yanke hukunci. Sai an duba siffar da wasan ya bayar.

A nan ne aikin Jones ya fi armashi. Ya bi wasannin ɗaya bayan ɗaya ya gano siffofi biyu da suke ta maimaituwa. Ta farko ita ce baƙin mugu: maƙetaci, mai sha'awa marar linzami, mai alfahari da sharrinsa. Ya faro daga Muly Mahamet a wasan George Peele, The Battle of Alcazar, da aka buga a 1594 kan yaƙin Ƙasarul Kabir na 4 ga Agusta 1578, inda Sarkin Fotugal Sebastian ya mutu a Maroko. Daga shi sai Aaron na Titus Andronicus, sai Eleazar na Lust's Dominion. Siffa ta biyu ita ce ta mai hasken fata, mai sarauta da kwarjini, irin Abdelmelec a wasan Peele ɗin, da Yariman Maroko a The Merchant of Venice, wanda umarnin fitowarsa ya ce wankan tarwaɗa ne cikin fararen kaya.

Othello kuwa ya karya wannan rabo. Siffar jikinsa ta rukuni na farko ce: Roderigo, mai neman Desdemona, ya kira shi mai kaurin leɓe, Brabantio, mahaifinta, ya kwatanta ƙirjinsa da kunkunniya, shi da kansa a kashi na 3 ya ce watakila don shi baƙi ne. Halinsa kuwa, a farkon wasan, na rukuni na biyu ne. Sharrin da 'yan kallo suka saba gani a baƙin mutum sai aka ɗora wa farin, Iago, muƙarrabin Othello. A ganin Jones, Shakespeare ya sa Iago da Brabantio sun furta duk zargin da jama'a suka shigo da shi a ransu, sannan ya fito da Othello ya ƙaryata su.

Zancen "Balarabe mai haske" daga baya ya yi ƙarfi. Ɗan wasa Edmund Kean ne ya fito da fenti mai ruwan ƙasa a 1814, marubuci Coleridge kuma ya ce hankali ba zai ɗauki 'yar manyan Benis ta so baƙar fata ba. Lokacin cinikin bayi da gonakin rake ne, ra'ayin na zamaninsu ne. Duk da haka Iago ya kira Othello dokin Barbari, ya ce Muritaniya, tsohon sunan wani yanki na Magrib, zai tafi, don haka masu cewa ɗan Magrib ne suna da madogara ta asali, ba ta launi ba.

Mu a namu ganin, Jones ya ɗan yi wa Shakespeare sassauci. A kashi na 5 Othello ya shaƙe matarsa a kan gado, Emilia, matar Iago, ta kira shi baƙin shaiɗan, ɗan kallo na 1604 yana iya fita yana cewa dama an faɗa. Wasan ya buɗe tambayar, bai rufe ta ba, kuma mai shirya shi dole ya yanke shawarar inda zai sa nauyi.

Tambaya: Tunda Turawa ne suke fitowa, da me suke baƙanta jiki? Daga wata mai kwalliyar 'yan fim a Kano.

Amsa: Hajiya, hanyoyi biyu ne, kowace da matsalarta. Ta farko yadi. Jones ya bi littattafan lissafin ofishin shagulgulan fada, inda aka rubuta kuɗin baƙin karan-miski na rufe fuska, da safar hannu da ta ƙafa baƙaƙe, da siririn baƙin yadi, da abin da za a ɗora a ka ya yi kama da nannaɗaɗɗen gashi. Yadi ba ya shafar kowa, ana cire shi nan take, amma yana ɓoye motsin fuska, yana danne murya. Ya isa ga mai rawa ko mai riƙe fitila, bai isa ga Richard Burbage ba, wanda zai ɗauki dogayen jawabai a matsayin Othello.

Ta biyu shafi: kunkunniya ko gawayi a kwaɓa da maiƙo. Don launin ruwan ƙasa, wani wasan Jonson na 1621 ya ambaci ruwan ɓawon gyaɗar goro ta Turai da kitsen alade. Shafi yana barin fuska ta yi magana, amma gumi yana narka shi, yana kuma bin duk abin da aka taɓa. A Othello wannan babbar damuwa ce, don yaron da ke fitowa a Desdemona, da yake mata ba sa hawa dandalin gidajen wasa a lokacin, farin shafi ne a fuskarsa, ga farin zanen gado, ga sumba a kashi na ƙarshe.

Misalin da ya fi shahara shi ne The Masque of Blackness, wasan fada na rawa da ado da Jonson ya rubuta, aka yi ran 6 ga Janairu 1605. Sarauniya Anne da mata 11 suka fito a matsayin 'ya'yan Kogin Neja, wato Kwara, su 12, waɗanda suka zo Ingila neman a mayar da su farare. Maimakon yadi sai suka shafa fenti a fuska da hannu har gwiwar hannu. Dudley Carleton, wanda ya halarta, ya rubuta wa abokinsa cewa abin ƙyama ne, har ya ce jakadan Sifen ya yi kasadar baƙanta leɓensa da ya sumbaci hannun sarauniya. Fentin ba ya wankuwa nan take, don haka ba a nuna farantarsu a daren ba. Sai a wasan da ya biyo a 1608 suka fito farare.

Baƙar fata na farko da ya shahara a matsayin Othello shi ne Ira Aldridge, haifaffen New York, a Landan a 1825, sannan a Covent Garden a 1833. Paul Robeson ya yi a Landan a 1930, ya kuma yi fitowa 296 a New York daga 1943. Duk da haka, a shekarar da littafin Jones ya fito, 1965, aka fitar da fim ɗin Laurence Olivier yana shafe da baƙin fenti.

Tambaya: Malaminmu ya ce kuskure ne a yi maganar wariyar launi a ƙarni na 16, wai ra'ayin ƙarni na 19 ne. Daga wani ɗalibi a Sakkwato.

Amsa: Yana da rabin gaskiya. Auna ƙoƙon kai da rarraba mutane da sunan kimiyya daga baya suka zo. Amma ra'ayin cewa aibu yana bin jini ya riga su: dokar tsarkin jini ta Toledo a 1449 take. A 1578 George Best ya rubuta cewa ya ga baƙin mutum ya auri Ba'ingiliya a Ingila ta haifi baƙin ɗa, ya ce ashe ba zafin rana ba ne, gado ne daga la'anar Ham ɗan Annabi Nuhu. Abin sha'awa, a 1615 Ahmad Baba na Tumbutu, a Mi'irajus Su'ud, ya yi watsi da wannan hujja a matsayin dalilin bautarwa, ya kuma lissafa Kano da Katsina da Gobir da Barno cikin Musulmin da bai halatta a bautar ba. Shi kansa rundunar al-Mansur, sarkin da ya aika jakada Landan, ita ta kai shi Marrakesh a tsare a 1594.

Jones bai zurfafa kan mata da addini ba. Ania Loomba a 1989 da Kim F. Hall a littafinta Things of Darkness na 1995 suka nuna yadda yabon farar mace a waƙoƙin soyayya yake jingine da kushe baƙi, Nabil Matar kuma a 1999 ya bi alaƙar Ingila da Musulmi.

Tambaya: Ina so in rubuta kundin digiri a wannan fage. Ta ina zan fara? Daga wata ɗaliba a Yamai.

Amsa: Ki zaɓi wasa ɗaya ko biyu, kada ki ce duk wasannin zamanin. Daga nan ki tantance bugun da kike aiki da shi. Othello iri biyu ne: ƙaramin bugu na 1622 da babban kundi na 1623. Na biyun yana da kimanin layi 160 da babu a na farko, har da waƙar Desdemona, na farkon kuma yana da rantse-rantse sama da 50 da aka cire ko aka tausasa a na biyu, saboda dokar 1606 da ta sa tarar fam 10 ga mai wasa da sunan Allah a dandali. A jawabin Othello na ƙarshe, bugu ɗaya ya ce Ba'indiye ne ya yar da lu'ulu'u, ɗayan ya ce Bayahude. Idan kika gina hujja kan wannan layi ba ki faɗi bugun ba, mai jarrabawa zai rushe ta.

Ki buɗe jadawali mai gida huɗu: kalmar launi ko asali, wanda ya faɗe ta, wanda aka faɗa wa, da kashi da fitowa da layi. Gida na biyu shi ne ke ceto. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauki zagin Iago a ce ra'ayin Shakespeare ne.

In za ki bincika tsofaffin takardu a intanet, ki sani ba su da daidaitaccen rubutu. Kalma ɗaya tana zuwa a blackamoor, blackamore, blackmore, ga kuma negar, neger, Morian da Ethiop. Harafin u da v suna musaya, haka i da j, doguwar s kuma kwamfuta tana karanta ta f. Sunan iyali Black ko Moore shi kaɗai ba hujjar launi ba ne. Rajistocin coci sun fara ne daga 1538, da yawa kuma sun ɓace, don haka adadin da aka samu shi ne mafi ƙaranci. Sannan sabuwar shekarar hukuma a Ingila a wancan zamani ran 25 ga Maris take kamawa, shi ya sa za ki ga wasan Janairu 1605 an rubuta masa 1604.

In kuma za ki fassara zuwa Hausa, kalmar fair tana ɗauke da fari da kyau da kirki a lokaci guda. Inda shugaban Benis yake lallashin Brabantio cewa surukinsa ya fi kusa da wannan siffa a kan baƙi, "farar aniya" da "baƙar aniya" za su kama ɓangaren hali, amma za su saki na fata, sai kin ƙara bayani a ƙasan shafi. Ki kuma kula da kalmarmu "baƙi", wadda a rubuce take nufin launi, take kuma nufin jam'in baƙo. Othello duka biyun ne a Benis, Roderigo ma ya kira shi baƙo mai yawon duniya, saboda haka a kowane layi ki sa kalmar da za ta fayyace wanne kike nufi: "baƙar fata" ga launi, "bare" ko "baƙon gari" ga wanda ba ɗan ƙasa ba.